Shekarar da Ruwan Tasata Ya Zama Magani

Na ce bari in rubuta muku wannan da hannuna, domin na san kun ji labarin a bakuna da yawa, kuma kowa da irin gishirin da yake ƙara masa. Har yau in na ratsa tashar Kura akwai masu ɗaga min hannu su ce "Boka, an fito?" ku kuma in kuna kusa sai ku sunkuyar da kai kamar ku aka zaga. To ku daina sunkuyarwa. Ubanku bai taɓa yin bokanci ba, bai ma iya haɗa maganin mura ba. Abin da ya jawo sunan tasa ce ta silba, da ruwan ɗumi, da bakin kawunku Garba.

Kun dai san ƙuruciyata a saman motar tumatir ta ƙare. A yi lodi a Kwanar Gafan, a sauke a Ikko ko Anaca ko Fatakwal, wani zubin mu ƙetare har Kwatano da Ankara ta Gana. To a Ankara ɗin ne mota ta ƙi tashi, muka zauna jiran makaniki, ruwan sama ya koro ni na fake a barandar gidan waya. Nan na tarar da wani dattijo ya baza katuna a cinyarsa yana murmushi shi kaɗai. Kun san ni ba na ganin abu in yi shiru. Da turancina na tasha na tambaye shi ko duk 'ya'yansa ne a ƙasashen waje. Ya ce ko ɗaya bai sani ba. Akwai wani shafi a intanet, in ka shiga sai a ba ka adireshin mutumin da ba ka taɓa jin sunansa ba, ka aika masa kati mai hoton ƙasarku, in ya isa sai a ba wani baƙon naka adireshin shi ma ya aiko maka. Shi ke nan. Ba ciniki, ba roƙo, gaisuwa ce kawai. Wallahi tun kafin ruwan ya ɗauke na san na kamu. Ina dawowa gida na shiga birni na kama akwati a gidan waya, na kai hoton babban kanal ɗinmu da shinkafa kore shar a gefensa aka buga min katuna, na fara aikawa.

Ranar da na farko ya zo, daga Finlan, ban iya jira na iso gida ba, a cikin bas na dinga juya shi har na kusa da ni ya ce ko takardar biza ce. Hoton wani tafki ne ya daskare, mutum zaune a kansa da kujera ya huda rami yana kamun kifi. Na miƙa wa Ummanku, ta goge hannu a zani ta karɓa ta duba gaba ta duba baya.

"Malam, wannan ɗan'uwanmu ne a can?"

"Ban san shi ba."

"To me ka yi masa?"

"Ba komai. Gaisuwa ce."

"Mutum yana zaune a kan ƙanƙara, bai ji da kansa ba, sai da kai. Allah Ya ba shi lafiya."

Daga nan abin ya buɗe. Japan, Birazil, Rasha, Jamus, Indiya, da wasu tsibirai da sai na nemo taswira kafin in yarda akwai su. Ni da nake taƙamar na zaga duniya saboda na sha koko a ƙasa huɗu, sai ga duniyar tana zuwa ta same ni a ƙauyenmu tsakanin Kura da Bunkure, a cikin aljihun riga. Sannu a hankali wasu suka zama abokai, muka koma musayar kan sarki. Su cika ambulan da kan sarkin da aka riga aka yi amfani da su, an yanko su tare da guntun takardar da suke manne a kai, su aiko, ni ma in tara namu in aika. To raba kan sarki da takardarsa shi ne aikin. Ba a ɓamɓarewa, yagewa zai yi. Ruwa mai ɗan ɗumi ake zubawa a tasa, a jefa su, a jira ƙaron ya saki, sai ka ga kan sarkin ya taso shi kaɗai yana yawo. Ka tsamo shi a hankali, ka kifa a faifai ya sha iska, sannan ka danne shi a cikin littafi ya miƙe. In ambulan ɗin mai launi ne sai ruwan ya rine, yau ja-ja, gobe shuɗi-shuɗi, ga ɗan baƙin tawadar hatimi. A ɗaki nake yi in saki labule, don ku a lokacin hannuwanku ba su san na wani ba, ga awaki, ga iska. In na gama, Ummanku ba ta zubar da ruwa a banza ko na wankin shinkafa ne, sai ta ɗauka ta watsa wa ɗan renon tumatir da nake yi a bayan gida kafin dashe.

Sai ga shekarar tsutsa. Manyanku za su tuna. Wata 'yar tsutsa ce mai shiga cikin ganye, ka kwana da gona kore ka wayi gari kamar an bi ta da wuta. An yi feshi har an gaji, ba ta ko gezau. Tun daga bakin kanal har inda ido ya tsaya, tumatir ya ƙone a tsaye. Amma 'yar gonata da ke can ƙarshen layi, inda ruwa yake isowa a gajiye, ta tsira. Ba duka ba, amma na yi ɗiba har da ta kaiwa kasuwa. Kada ku tambaye ni dalili. Na yi dashe da wuri, gonar kuma albasa ce da masara suka kewaye ta, malamin gona ya ce wataƙila shi ne. Ni dai na ce Allah ne Ya tsare, na yi godiya.

Ana cikin haka Garba ya faɗo min ɗaki ba sallamar kirki. Garba ɗan goggona ne, abokin wasana, tun muna yara ba ya ganina ya ƙyale. Ya ɗaga labule ya same ni tsugune gaban tasa, ruwa ya yi ja, takardu masu rubutun da ba a san kansa ba suna yawo a ciki, wasu a jere a faifai. Ya tsaya ya riƙe ƙugu.

"Sabi'u, ashe nan ne ofishin. Rubutun wace ƙasa ake wankewa yau?"

"Na Japan ne. In zuba maka a kofi?"

"A'a, ni tumatirina ya riga ya mutu. Ina ake kai ruwan?"

Ummanku daga tsakar gida, da zuciya ɗaya, ta ce ai renon bayan gida take zuba wa. Garba ya yi dariya har da dafa bango, ya fita. Da yamma a teburin mai shayi ya ba da labari, yana yi yana kwaikwayon tsugunona, wai ya gano sirrin gonar ƙarshen layi: Sabi'u rubutun Japan yake wanke wa tumatirinsa. Shi da wasa ya faɗa. Amma ya faɗa wa mutanen da suka zuba duk abin da suke da shi a ƙasa suka ga ya ƙone, kuma mutanen da tun tasowarsu sun san in aka jiƙa rubutu a ruwa, to magani ne. Ba wanda ya yi dariya sai shi.

Da farko abin daɗi ne. Mata suka fara shigowa wajen Ummanku da 'yan robobi a ƙarƙashin mayafi, a gaisa, a tambayi yara, sannan a ce ko za a ɗan sam musu na tasar nan ko kaɗan ne. Ta yi rantsuwa har ta gaji cewa ruwan ƙaro ne. Suka ce eh, sun sani, a dai ba su. Wata tsohuwa ma ba don gona ta zo ba, don ciwon gwiwa. Ni ina jin haka ina dariya har da hawaye. Amma da muka ce babu, sai maganar ta juya. Aka ce yana da magani ya hana 'yan'uwa. Aka ce ba hanawa kaɗai ya yi ba, kore tsutsar ya yi ta faɗa gonakin maƙwabta. Aka ce yawon da yake yi a ƙasashe ba tumatir kaɗai yake kaiwa ba. Ranar da layinmu yake da ruwa na je bakin get ɗin da ake buɗe mana ruwan kanal da sassafe, mutanen da muke raba goro da su suka amsa sallamata a ciki-ciki, kowa ya duƙufa kan tiyonsa. A nan dariyar ta tsaya min.

Baffanku Ado, yayana, shi ne babba a gidan tun rasuwar mahaifinmu. Mutum ne da bai taɓa kwana a wajen ƙasar Kano ba sai aikin Hajji, kuma bai ga abin da ya rasa ba. Bai taɓa taɓa katunan nan da hannunsa ba, yana ganinsu wasan yara ne da babba ya ƙi bari. Ya aika a kira ni zaure.

"Sabi'u, ka ji abin da ake faɗa?"

"Na ji, Yaya. Maganar Garba ce, kuma ka san Garba."

"Na san Garba. Na kuma san ba ka yin abin da ake faɗa. Amma Baba ya bar gidan nan ba wanda ya taɓa nuna shi da yatsa, jiya kuwa a masallaci mutum ya matsa da na tsaya kusa da shi. Takardun nan su bar gidan nan. Ko ka ƙona, ko ka kai birni ka ba wanda ka ga dama, kuma a daina aiko su. Kada Juma'a ta wuce suna nan."

"Yaya, hotuna ne kawai."

"To hotuna sun fi maka gidanku?"

Na miƙe na bar zauren. Na koma ɗaki na jawo akwatin da nake tara su, na buɗe, na zauna ina kallo. Ga mai kamun kifin Finlan, ga jirgin ƙasan Indiya, ga wata malamar makaranta a Birazil da take rubuto min labarin kyanwarta duk wata. Na rasa ta inda zan fara rabuwa da su. Ummanku ta shigo da kunu ta ajiye, ta tsaya a kaina.

"Malam, in faɗi wata magana?"

"Faɗi."

"Labulen nan ne ya jawo maka. Duk abin da aka saki labule a kansa, mutane sai sun cika shi da abin da ke ransu. Ni da nake gani kullum na taɓa cewa magani ne? Fitar da tasar waje, su jiƙa da hannunsu."

"In Yaya ya ce na ƙara tona gidan fa?"

"Ya ce su bar gidan kafin Juma'a ta wuce. Ai ƙofar masallaci ba gidan ba ce. Amma ka sani, in ka baza su gaban mutanen garin nan, ba duka za su dawo maka ba."

Na dube ta na ce ashe shekara da shekaru da lauya nake zaune ban sani ba. Na je na sami Liman na gaya masa komai, ya ce in zo da su, shi ma yana son ya ga abin da idonsa.

Ranar Juma'a ana sallamewa na shimfiɗa tabarmi biyu a gindin darbejiyar ƙofar masallaci. Na juye akwatin gaba ɗaya. Na sa tasa a tsakiya, na karɓo ruwan zafi wajen mai shayi na surka. Wallahi wani daɗi yana taso min ta ƙasa, domin shekarun nan duka ban taɓa samun wanda zan nuna wa ba sai Ummanku, ita kuma ta fi damuwa da ko mutanen suna cin abinci. Jama'a suka kewaye ni, kowa ya goya hannu a baya kamar an ce abin yana cizo. Liman ne ya fara tsugunawa. Na ba shi guntun takarda mai kan sarkin Kanada ya jefa da kansa. Kowa ya zuba wa tasa ido. Can sai ga shi ya saki, ya taso, wani tsuntsu ja yana yawo a kan ruwa. Liman ya tsamo shi a tafin hannu ya ce, "Ikon Allah. Shi ke nan aikin?" Na ce shi ke nan, Allah gafarta Malam. Ya bi sauran da kallo, ya tsinto na Masar da na Maroko masu rubutun Larabci, ya karanta su ɗaya bayan ɗaya, ya ce sunan ƙasa ne kawai da kuɗin aikawa, amma in na ci karo da mai aya ko sunan Allah in ware shi, kada ya shiga ruwan da za a watsar. Na ce na ɗauka, kuma har yau haka nake yi.

Daga nan hannuwa suka sauko daga baya. Ku zo ku ga manoma suna karatun kati. Ba ruwansu da dogayen benaye, wannan turawa suke yi gefe. Wani ya ɗauki na Holan, kanal miƙaƙƙe ruwa fal har baki, ya ce, "Su waɗannan wa yake buɗe musu get? Ko ranar kowa ce kullum?" Wani ya ce duba gefen, ko ciyawa ɗaya babu, mu namu kacalla ta cinye. Aka kusa yin faɗa a kan wani kati na Indiya, ko barkono ne aka shanya ko kauɗar tumatir. Ardo Buba, da shanunsa suke shan ruwa a ƙasan gonata, ya sami kan sarkin Sikotlan mai wata saniya da gashi ya rufe mata ido, ya juya ta sama ya juya ta ƙasa.

"Sabi'u, wannan saniya ce ko tunkiya ce ta yi ƙaho?"

"Saniya ce, Ardo. Sanyi ne ya sa ta sa bargo."

"To ta ina take ganin makiyayinta?"

Garba kuwa yana gefe yana cewa shi fa tun farko ya san wasa ne, mutane ne ba su da fahimta. Na ce ya matso ya sha kofi ɗaya na Japan a gaban jama'a, ya ce ya ƙoshi. Da aka gama jiƙawa ruwan ya yi ja sosai, na lura idanu suna komawa kan tasar, har da masu dariya. Sai na cire takalmana da suka sha taɓon gona, na tsoma su ciki, na wanke su tas, na watsar da ruwan a kwata. Wani dattijo ya ce, "To, magana ta ƙare. Ba mai wanke takalmi da magani." Aka fashe da dariya, irin wadda na daɗe ban ji ba a garin tun shigowar tsutsa.

Sai dai maganar Ummanku ta tabbata. Duk wanda ya jiƙa kan sarki da hannunsa gani yake nasa ne. Ardo ya sa saniyarsa a cikin hula. Liman ya riƙe tsuntsunsa. Wannan ya ce na 'yarsa, wancan ya ce zai manna a bango. Ɗaya daga cikin waɗanda suka amsa min sallama a ciki-ciki a bakin get ya ɗauki mai kamun kifin Finlan, katina na farko, ya ce, "Wannan ka bar min, in nuna wa iyali wahalar wasu." Ta yaya za ka hana mutum kati a ranar da kake wanke kanka daga zargin rowa? Na ce ɗauka. Ina ji ina gani akwatin da na kawo da ƙyar ya koma ana ɗauka da hannu ɗaya. Akwai waɗanda har yau in na tuna su sai na yi kewarsu, don ba a sake aiko irinsu ba.

Duk wannan abin Yaya yana tsaye a bayan mutane, bai taɓa komai ba. Sai da aka watse ina tattara ragowar ya matso. Akwai wani kati na Biyetnam da ya faɗa gefen tabarma, shinkafa ce aka noma a jikin dutse, fangali bisa fangali kamar matakala har sama, kowanne da ruwansa yana ƙyalli. Ya sunkuya ya ɗauka. Ya daɗe yana kallo, ya matso da shi kusa da ido, ya nisanta shi.

"Wannan zane ne ko hoto?"

"Hoto ne, Yaya."

"Ruwan ta ina yake hawa?"

"Ina jin daga sama yake gangarowa, wannan ya cika ya zuba wa na ƙasa."

"Kana ji, ko ka sani?"

"Ban sani ba."

"To na ƙasan fa, in na sama ya riƙe ruwa, wa yake raba su? Mutumin da ya aiko, yana da rai?"

"Yana nan. Ɗalibi ne, amma ya ce kakansa manomi ne."

"Ka rubuta masa ya tambayi kakan. Ka ce yayanka ne yake tambaya, ka gaishe shi."

Na tsaya da akwati a hannu, ban san ko in nufi gida da shi ko in nufi tasha ba. Na ce, "Yaya, amsar fa ta gidan waya za ta zo, kuma gida zan kawo ta."

"To da ina za ka kai ta? Kai da akwatin ciki. Amma tasar nan daga yau a zaure, da rana, labule a ɗage."

Na miƙa hannu in karɓi katin in haɗa da sauran. Ya zura shi a aljihun gaba na rigarsa, ya gyara hula, ya yi gaba abinsa.

Amsar ta zo, doguwa, har da zanen yadda suke rabon ruwa, na karanta masa a zaure ya ce a maimaita. Katin kuwa bai dawo ba. In kun shiga ɗakin Baffanku za ku gan shi a saƙale a jikin madubi, gefensa ya yi laushi don taɓawa, kuma zai gaya muku abokinsa ne na Biyetnam ya aiko masa. Ku juya bayan ku gani, sunana ne a rubuce. Ku karanta a ranku, ku mayar masa inda yake.